Tsibirin Lete: Kogi a Matsayin Iyakar Ƙasa

Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga ƙasar Funtuwa, a Kogin Kwara yake zubawa. Cikin wannan kogi, arewa maso yamma da Gaya, akwai tsibirin Lete, wanda Nijar da Dahome (Benin ta yanzu) suka shekara 45 suna jayayya a kansa. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa asalin rikicin na manomi da makiyayi ne, kafin ya zama na hukumomi.

Fulanin Nijar suna kiwo a tsibirin, manoman Dahome kuwa suna ƙetarowa su yi shuka. Da yake duk Faransa ke mulkinsu, ba a damu da tsayar da iyaka sosai ba. A 1960, shekarar samun mulkin kai, aka zubar da jini a tsibirin. A ƙarshen 1963 Nijar ta kori ma'aikata 'yan Dahome, ita kuma Dahome ta toshe mata hanyar tashar jiragen ruwa ta Kwatano.

Ranar 12 ga Yuli, 2005, Kotun Duniya ta yanke cewa iyakar ta bi wurin da ya fi zurfi a mashigar jirage. Cikin tsibirai 25, Nijar ta sami 16, har da Lete, Benin ta sami 9. Amma kotun ta ce hukuncin bai taɓa haƙƙin mallakar mutane a tsibiran ba.

Ke nan shari'a ta raba ƙasa, ba ta raba gona da makiyaya ba. Wannan aiki sai mazauna wuri, kamar yadda duk mai lura da fadamun Funtuwa da Malumfashi ya sani.