Tsakanin Shahara da Gawurta: Nazari a Kan Ma'aunin Darajar Masanin Fiziks

Tsakure

Wannan maƙala ta duba bambancin da ke tsakanin masanin fiziks da ya yi suna a duniya da wanda ya gawurta a cikin ilimin kansa. An yi nazarin tarihin wasu masana na ƙarni na 19 da na 20, aka kwatanta lokacin da suka yi aikinsu da lokacin da sunansu ya fito da kuma abin da ya fito da shi. Nazarin ya nuna cewa shahara da gawurta suna da sabubba daban-daban, ko da sun haɗu a kan mutum guda. Maƙalar ta ba da shawarar a auna gawurta da abubuwa uku: sauya tambayar da masana ke yi, jure wa gwaji, da yawan aikin da aka ɗora a kan abin da masanin ya kafa.

Fitilun kalmomi: fiziks, shahara, gawurta, kyautar Nobel, tarihin kimiyya

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1999 mujallar Physics World ta tambayi manyan masana fiziks su zaɓi waɗanda suka fi kowa a tarihin fannin. Albert Einstein ya zo na ɗaya, Isaac Newton na biyu, James Clerk Maxwell na uku. Stephen Hawking, wanda a lokacin babu masanin fiziks mai rai da ya kai shi suna, bai shiga cikin goman farko ba. Da jama'ar kan titi aka tambaya, da wuya Maxwell ya samu ƙuri'a, Hawking kuwa da ya zo kusa da sama. Wannan saɓani shi ne abin da maƙalar ta sa a gaba. Tambayar ita ce: me masana ke gani wanda jama'a ba sa gani, kuma shin za a iya fayyace shi ta yadda zai zama ma'auni?

2.0 Bitar Ma'aunan da Aka Saba da Su

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne kyautar Nobel, wadda aka fara bayarwa a 1901. Dokokinta sun taƙaita ta: ba a raba ta ga fiye da mutum uku, ba a ba mamaci, kuma kwamitin fiziks ya saba jiran gwaji ya tabbatar da ra'i kafin ya karrama mai shi. Don haka kyautar tana nuna wanda ya yi aiki mai kyau, ya kuma yi tsawon rai, aikin nasa ya dace da dokokin. Waɗanda ba su cika sharuɗɗan ba suna fita, komai girman gudummawarsu.

Ma'auni na biyu shi ne ƙidayar yadda ake ambaton aikin masani a rubuce-rubucen wasu. A 2005 Jorge Hirsch, shi ma masanin fiziks, ya fito da wani lissafi da ke haɗa yawan maƙalun mutum da yawan ambatonsu, jami'o'i da dama suka karɓe shi. Sai dai tun a 1968 masanin zamantakewa Robert Merton ya nuna cewa yabo yakan taru a kan wanda ya riga ya yi suna, ko da tare da wani ƙaramin masani aka yi aikin. Merton ya kuma lura da wani abu mai muhimmanci ga wannan nazari: idan aiki ya karɓu sosai har ya shiga littattafan koyarwa, sai a daina ambaton maƙalar da ta kawo shi. Ke nan ƙidayar ambato tana iya rage darajar aikin da ya fi kowane tasiri.

Ma'auni na uku hukuncin masana ne a kan junansu. Ɗaliban Lev Landau na Tarayyar Sobiyet sun ruwaito cewa ya jera masana a matakai, inda kowane mataki ya ninka na ƙasansa sau goma. Ya ajiye Einstein a mataki na 0.5, su Niels Bohr da Werner Heisenberg da Paul Dirac a mataki na 1, ya ba kansa 2.5, daga baya ya ɗaga zuwa 2. Wannan hukunci ne na wanda ya san aikin ciki da bai, amma Landau bai bar wata rubutacciyar ƙa'ida da wani zai bi ya kai ga sakamako iri ɗaya ba.

3.0 Hanyar Gudanar da Nazari

An zaɓi misalai huɗu da suka wakilci yanayi daban-daban: inda shahara da gawurta suka haɗu, inda gawurta ta fi shahara, inda shahara ta yi gaba, da inda aka karkatar da yabo daga mai shi. A kowane misali an duba shekarar aikin, da shekarar da sunan ya fita wajen da'irar masana, da abin da ya faru a tsakani.

4.0 Nazarin Misalai

4.1 Einstein: Aiki a 1905, Suna a 1919

Einstein yana ma'aikaci a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a birnin Bern lokacin da ya buga maƙalu huɗu a 1905. A cikinsu ya bayyana haske a matsayin ƙunshi-ƙunshin makamashi, ya ba da hanyar tabbatar da samuwar ƙwayar zarra, ya kafa keɓantaccen ra'in dangantaka, ya kuma nuna alaƙar makamashi da nauyin abu. A 1915 ya kammala gamammen ra'in dangantaka. Masana irin su Max Planck sun san darajarsa tun da wuri, amma jama'a ba su san shi ba.

Abin da ya sauya lamarin shi ne husufin rana na 29 ga Mayu, 1919. Tawagogin Birtaniya biyu, ɗaya a tsibirin Principe ƙarƙashin Arthur Eddington, ɗaya a Sobral ta ƙasar Birazil, sun auna yadda hasken taurari ke lanƙwasa idan ya gifta kusa da rana. Aka sanar da sakamakon a Landan ranar 6 ga Nuwamba, washegari jaridu suka ɗauka. Labarin yana da duk abin da jarida ke so: an ce an ture Newton, kuma masanan Ingila ne suka gaskata Einstein, wanda a lokacin yake aiki a Berlin, shekara guda bayan an gama yaƙi tsakanin ƙasashen biyu. Babu abin da ya ƙaru a ilimin Einstein tsakanin Oktoba da Nuwamba na 1919. Labarin ne ya samu. Kyautar Nobel ta 1921 ma ba a kan ra'in dangantaka aka ba shi ba, an ba shi ne musamman saboda dokar yadda haske ke fizgo ilektiron daga ƙarfe.

4.2 Maxwell da Bardeen: Aikin da Ya Haɗiye Sunan Mai Shi

Tsakanin 1861 da 1865 Maxwell ya haɗa lantarki da maganaɗisu a tsarin lissafi guda, ya kuma nuna cewa haske kansa igiyar wannan haɗi ne. Ya rasu a 1879 yana da shekara 48, kafin Heinrich Hertz ya samar da igiyoyin a ɗakin gwaji a 1887 zuwa 1888. Rediyo da talabijin da wayar hannu duk a kan wannan tsari suke aiki, amma sunan da jama'a suka riƙe game da rediyo shi ne na Guglielmo Marconi, wanda ya mai da igiyoyin hanyar aika saƙo.

John Bardeen na Amurka shi kaɗai ne ya taɓa cin kyautar Nobel ta fiziks sau biyu. Ta 1956 ya raba ta da William Shockley da Walter Brattain saboda tiransista, wadda aka ƙirƙira a 1947. Ta 1972 ya raba ta da Leon Cooper da Robert Schrieffer saboda ra'in da suka kafa a 1957, wanda ya bayyana dalilin da ya sa wasu ƙarafa ke barin lantarki ya wuce ba tare da wata turjiya ba idan an sanyaya su matuƙa. An gano wannan hali tun 1911, ya gagari masana shekara 46. Duk da haka Bardeen bai zama sananne a wajen fanninsa ba. Mutum ne marar yawan magana, aikinsa kuma ba ya bayanuwa a jimla guda. Tiransista ta shiga kowace kwamfuta da kowace waya har ta zama abin da ba a tambayar asalinsa.

4.3 Hawking: Inda Suna Ya Riga Gwaji

Ba daidai ba ne a ce Hawking suna kawai ya tara. Aikinsa da Roger Penrose a kan mafarin sararin samaniya da cikin baƙin rami ya tsayu a lissafi. A 1974 ya nuna cewa baƙin rami yana fitar da ɗan zafi, abin da ya tilasta wa masana su sake tunani a kan yadda ra'in kwantam zai zauna da ƙarfin janyowa. Wannan sauya tambaya ne na haƙiƙa. Matsalar ita ce gwaji: zafin da baƙin rami mai nauyin rana zai fitar bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na digiri ɗaya a ma'aunin Kelvin ba, alhali sararin da ke kewaye da shi yana da kusan digiri 2.7. Har ya rasu a 2018 ba a ga wannan zafi ba.

Shahararsa ta zo ta wata ƙofa. Littafinsa na 1988, A Brief History of Time, an sayar da fiye da kwafi miliyan 10, kuma hoton mutumin da cuta ta ɗaure jikinsa a keken guragu yana magana ta na'ura a kan asalin duniya ya zama labari mai zaman kansa. Masana sun ajiye shi cikin manyan zamaninsa, jama'a kuwa sun ajiye shi kusa da Newton. Tazarar da ke tsakanin waɗannan hukunci biyu ita ce aikin da shahara ta yi.

4.4 Yabon da Ya Ɓata Hanya

Lise Meitner ta yi aiki da Otto Hahn shekaru kusan talatin a Berlin kafin ta tsere daga mulkin Nazi a Yulin 1938. A Disambar shekarar Hahn da Fritz Strassmann suka sami sakamakon da ya ɗaure musu kai a gwajin yuraniyom. Meitner da ɗan 'yar'uwarta Otto Frisch ne suka bayyana cewa cibiyar ƙwayar zarrar ce ta tsage, suka kuma lissafa makamashin da ke fita. Kyautar Nobel ta kemistiri ta 1944 ta tafi ga Hahn shi kaɗai. Chien-Shiung Wu ce ta jagoranci gwajin da ya nuna, a farkon 1957, cewa a wasu halaye ƙananan ƙwayoyin da ke cikin zarra suna bambanta hagu da dama. Kyautar fiziks ta wannan shekara ta tafi ga Tsung-Dao Lee da Chen Ning Yang da suka kawo ra'in. Jocelyn Bell Burnell tana ɗaliba ta gano taurari masu bugun igiyar rediyo a 1967, kyautar fiziks ta 1974 ta ambaci malaminta Antony Hewish da Martin Ryle. Bahaushe ya ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Waɗanda aka karrama ɗin masana ne da suka yi aiki na gaske, amma misalan sun nuna cewa muƙami da jinsi da siyasar zamani suna shiga cikin rabon yabo.

5.0 Tattaunawa

Daga misalan, abubuwa uku suka fito a matsayin alamun gawurta: masanin ya sauya tambayar da ake yi, amsarsa ta jure gwaji, sannan waɗanda suka biyo baya ba su iya aiki sai da abin da ya kafa. Maxwell da Einstein da Bardeen sun cika ukun. Hawking ya cika na farko da na uku, na biyu yana jira. Shahara kuwa ta bi wasu abubuwa dabam: aukuwa mai jan hankali, labarin rayuwa, littafi mai sauƙin karatu, ko kyauta.

Ana iya sukar wannan ma'auni ta fuska uku. Ta farko, akwai masu cewa da masanin bai yi aikin ba wani zai yi. Hujjarsu tana da ƙarfi: Hendrik Lorentz da Henri Poincaré sun kusanci keɓantaccen ra'in dangantaka kafin 1905, kuma a 1964 masana shida a maƙalu uku suka kai ga tunanin da ake jingina wa Peter Higgs. Amsar ita ce ma'aunin bai dogara ga wanda ya riga kowa ba. Lorentz yana da lissafin amma ya ci gaba da riƙe tsohuwar fahimtar lokaci. Einstein ne ya ce fahimtar ce ke buƙatar sauyi.

Suka ta biyu ita ce fiziks na yau aikin taro ne. Maƙalar haɗin guiwa da cibiyar CERN ta fitar a 2015 a kan nauyin ƙwayar Higgs tana ɗauke da sunayen mutum fiye da 5,000. A irin wannan aiki dole a ɗora ma'aunin a kan tawaga, kuma dokar mutum uku ta Nobel ba ta dace da shi ba.

Suka ta uku ita ce ma'aunin ya manta da masu gina mutane. Abdus Salam na Pakistan ya ci kyautar Nobel ta 1979 tare da Sheldon Glashow da Steven Weinberg, amma cibiyar da ya kafa a Trieste ta ƙasar Italiya a 1964 ta horar da ɗimbin masana daga ƙasashe masu tasowa, ciki har da na Afirka. Wannan gudummawa tana shiga ƙarƙashin alama ta uku, domin masu zuwa baya suna dogara da makaranta kamar yadda suke dogara da ra'i.

6.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa shahara ba hujja ba ce a kan gawurta, kuma ba hujja ba ce a kan rashinta. Alamomin uku da aka kawo suna buƙatar lokaci kafin su bayyana, shi ya sa hukunci a kan masani mai rai yake zama na wucin gadi. Ga masu tsara manhajar kimiyya, abin da ya biyo baya shi ne a gabatar wa ɗalibai masana ta hanyar matsalar da suka warware da abin da aka gina a kanta, tare da ambaton waɗanda suka yi gwajin. Ga kwamitocin ƙarin girma a jami'o'i kuwa, ƙidayar ambato za ta iya zama mafarin bincike, amma hukunci yana buƙatar wanda ya karanta aikin ya kuma san abin da ya sauya.