Asalin Dim Sum, Abincin Gidan Shayi na Mutanen Sin

Dim sum abinci ne na mutanen kudancin ƙasar Sin, musamman na birnin Guangzhou da Hong Kong. Ƙananan loma ne iri-iri: kwaɓin fulawa da aka ƙunshe jatan lande ko nama a ciki, ƙafar kaza, naɗin garin shinkafa, da 'yar waina mai ƙwai. Yawanci turara su ake yi a kwandunan gora, a ci da hantsi, kaka da 'ya'ya da jikoki a teburi ɗaya. Abinci ne mai asali, kuma asalin nasa abin alfahari ne.

Dattawan Sin ba sa ba da labarinsa sai sun fara da shayi, domin shayi ne ubansa. Suka ce a shekara ta 2737 kafin haihuwar Annabi Isa, an yi wani sarki mai hikima, Shennong, wanda ya koya wa mutane noma da sanin magungunan itatuwa. Wata rana yana hutawa a gindin bishiya, ana tafasa masa ruwan sha, sai iska ta kaɗo ganye ya faɗa tukunyar. Ruwa ya sauya launi, ƙamshi ya tashi. Sarki ya kurɓa, ya ji gajiya ta sake shi. Daga ranar shayi ya shiga duniya.

A labarin, an daɗe ana shansa shi kaɗai. An ce wani babban likita mai suna Hua Tuo ya yi gargaɗi cewa haɗa shayi da abinci yana sa ƙiba, mutane kuwa suka kiyaye. Sai daga baya aka yarda cewa shayi yana taimaka wa ciki ya narka maiƙo, aka saki jiki.

A nan masu ba da labari suka rabu biyu kan asalin dim sum. Wasu sun ce wani sarkin yaƙi ne ya ga wahalar dakarunsa a fagen fama, ya sa talakawa su yi ƙananan burodi da waina a kai musu, don su san ana gode musu. Wasu kuma sun ce fatake ne sanadi: masu rumfunan shayi a bakin Hanyar Siliki suka ga baƙi suna isowa a gajiye da yunwa, suka fara ajiye musu ɗan abin taɓawa kusa da buta. Labarin sarkin yaƙi yana da daɗin ji, amma na fatake ya fi kama hankali, domin har yau dim sum da shayi kamar fura da nono suke, kuma mai gayyatarka cinsa cewa zai yi ku je shan shayi.

Akwai wani ladabi mai kyau da ya biyo shan shayin. An ce sarki Qianlong, wanda ya hau gadon sarauta a 1735, yakan ɓad da kama ya zaga ƙasa. Wata rana ya shiga gidan shayi da fadawansa, ya ɗauki buta da hannunsa ya zuba wa baransa. Baran ya rasa yadda zai yi: in ya faɗi ya yi gaisuwa, asirin sarki ya tonu, in ya yi shiru, ya yi rashin kunya. Sai ya lanƙwasa yatsunsa ya ƙwanƙwasa teburi, alamar durƙuso. Shi ya sa har gobe, in an zuba wa mutumin Guangzhou shayi, yakan buga teburi da yatsu biyu ko uku a maimakon godiya.

Dim sum irin wanda aka sani yau a Guangzhou ya girma. Daga 1757 zuwa 1842 nan ce kaɗai tashar da aka yarda Turawa su yi ciniki, sai gari ya cika da dillalai da 'yan dako. Aka buɗe musu rumfuna masu araha, inda mutum zai sami kofin shayi ɗaya da loma biyu. Daga rumfunan aka kai ga manyan gidaje irin su Tao Tao Ju na 1880 da Lin Heung na 1889, inda tsofaffi ke zuwa da tsuntsayensu a keji su yi hira.

Abin da ya biyo baya gajere ne. 'Yan ci-rani suka kai dim sum Amurka da Ingila, aka riƙa tura shi a amalanke tsakanin tebura. A 2008 Hong Kong ta soke harajin giyar inabi, yanzu kuma wasu gidajen abinci, can da ƙasashen Turawa, suna tallan giyar a gefen kwandon dim sum. Wannan abin takaici ne, domin baƙuwa ce ta zo tana neman korar mai gida, wato shayi.

Ɗan kasuwarmu da ya je Guangzhou sayen kaya ya yi tambaya kafin ya ci, domin da yawa ana sa musu naman alade. A Hong Kong, gidan abincin Masallacin Ammar da ke Wan Chai yana yin na halal. In ka samu, ka ci shi da shayi, yadda masu shi suka gada.