Bishiyar Goro da Kafuwar Zangon Kumasi

Goro bishiya ce ta kurmi, wadda ba ta yin albarka sai inda ruwan sama ya wadata, ƙasa ta riƙe danshi, manyan itatuwa kuma suka yi mata inuwa tun tana ƙarama, saboda haka ba ta jure ɗari da dogon ranin ƙasar Hausa, duk da cewa Hausawa ba su ɗaurin aure ko raɗin suna sai da ’ya’yanta. Wannan tazara da ke tsakanin inda ake shuka goro da inda ake cinsa ita ce ta haifar da fataucin Gwanja, wanda Tarihin Kano ya danganta buɗe hanyarsa da zamanin Sarki Abdullahi Burja a ƙarni na 15.

A ƙarni na 19, sarakunan Asante sun hana fataken arewa shiga kurmi, suka tsayar da cinikin a Salaga ta ƙasar Gwanja, inda ayarin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari ke sauka bayan tafiyar watanni a ƙarƙashin madugu, wato jagoran ayari. A can ake ƙirga goro ƙwarya-ƙwarya, kowace ƙwarya guda 100, a lulluɓe shi da ɗanyen ganye, a ɗora wa jakuna, kuma dole a riƙa kwance kayan a hanya ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda ƙwaro ya huda don kada ya ɓata sauran.

Tsarin ya fara rushewa bayan da Ingila ta ci Asante da yaƙi a 1874, sannan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa ’yan kasuwa zuwa wasu garuruwa, irin su Kete-Krachi. Da Turawa suka mamaye Kumasi a 1896, jirgin ƙasa kuma ya iso daga Sekondi a 1903, sai fatake suka matso gindin bishiyar goro, masaukinsu ya zama Zango, unguwa mai masallatai da makarantun allo da sarkinta. Daga nan goro ya koma bin teku zuwa Legas, hanyar da Alhassan Ɗantata ya tara jari da ita kafin ya koma Kano. Jikokin waɗannan fatake suna zaune a Zango har yau, suna magana da Hausa a tsakiyar ƙasar Asante.