Hukuncin Tagwayen da Aka Haifa Bakwaini: Suna, Jinin Biƙi da Abin da Ya Rataya a Wuyan Uba

Tambaya: Ni mutumin ƙasar Bukkuyum ne. Iyalina ta haifi tagwaye cikinta yana wata bakwai, yanzu suna kwance a asibitin Gummi. Dangi sun matsa a dawo da su gida a yi suna da aski ranar bakwai. Ƙarfina rago ɗaya ne. Yaya zan yi? Kuma yaushe uwar za ta koma salla?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Allah Ya raya su, Ya ba mahaifiyarsu lafiya.

Ka sani, ya ɗan'uwa, kiyaye ran waɗannan jarirai wajibi ne a kanka. Yankan suna da aski kuwa mustahabbai ne a mazhabar Imamu Malik. Ba a barin wajibi domin mustahabbi. Idan ma'aikatan lafiya ba su sallame su ba, kada ka ɗauko su saboda taron suna, ko da iyayenka ne suka matsa. Ka ba su haƙuri da magana mai taushi, amma ka tsaya a kan bakanka. Likitoci suna kiran jariri bakwaini idan ya zo kafin mako 37, kuma tagwaye sun fi ɗa guda yawan zuwa da wuri. Irin wannan jariri huhunsa bai gama ƙwari ba, jikinsa ba ya riƙe ɗumi, cuta kuma tana saurin kama shi. Ɗora shi a kan babur cikin iska, da miƙa shi hannu zuwa hannu a ɗakin da ya cika da 'yan barka, yana iya zama ajalinsa.

Yanka ba ya buƙatar jaririn yana wurin. Kana iya yankawa a gida ranar bakwai, a raɗa suna, a yi addu'a, su kuwa suna asibiti. Kowane ɗaya daga cikin tagwayen yana da nasa yankan, dabba ɗaya ga namiji, ɗaya ga mace. Ba a haɗa su a rago guda. Amma ba dole sai rago ba, tunkiya ko akuya da ta isa layya ta wadatar. Idan akuya biyu ba su samu ba, ka yanka abin da ka iya wa ɗayansu, babu laifi a kanka game da ɗayan. Kuma idan kuɗin ragon nan shi ne kuɗin magani ko na motar da za ta kai su babban asibitin tarayya na Gusau, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, to ka sayar da shi ka biya. Na faɗi wannan ba tare da wata shakka ba.

Wajen lissafin kwanaki, ba a ƙirga ranar haihuwa idan an haihu bayan fitowar alfijir. Wanda aka haifa Talata da hantsi, bakwai ɗinsa Talata ce mai zuwa. Idan Hassan ya faɗo kafin alfijir, Husaini bayan alfijir, to na farko bakwai ɗinsa Litinin, na biyu Talata. Suna kuwa ba sai an jira ba, domin ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi (SAW) ya sa wa ɗansa Ibrahim suna a daren da aka haife shi. Aski a jinkirta shi har su yi ƙwari. Cire beli da tsagar da wanzami ke yi ba su cikin shari'a tun asali, ga bakwaini kuwa haɗari ne tsantsa. Haka tauna dabino a sa a baki, ko ɗura musu ruwan rubutu. Ni a allo na tashi, na san matsayin rubutu a zukatanmu, amma jaririn da bai iya haɗiya ba ruwan yana iya wucewa huhunsa. Ka yi musu addu'a a tsaye kusa da su, ta isa.

Ke kuma 'yar'uwa, jinin da ya zo miki daga haihuwar na farko jinin biƙi ne, har wanda ya fito tsakanin tagwayen biyu, kamar yadda Shehu Khalil ya bayyana a Mukhtasar. Mafi tsawonsa kwana 60, mafi ƙarancinsa ba shi da iyaka. Da zarar ya ɗauke, ko bayan kwana goma ne, ki yi wanka ki yi salla, ko a gefen gadon asibiti. Abin da mata suka saba na jiran arba'in alhali jini ya tsaya kuskure ne, kuma sallolin da aka bari a haka bashi ne. Wadda take cikin idda, iddarta ba ta cika sai na ƙarshensu ya fito. Idan azumin Ramadan ya same ki kina shayarwa kika ji tsoron nono zai ƙafe, ki sha, daga baya ki rama tare da ciyar da mudun Annabi ɗaya a kan kowace rana.

Kada a zubar da dakashi, wato nonon farko mai kauri da wasu tsofaffi ke cewa ba shi da kyau. Shi ne garkuwar jariri. Idan ba su iya tsotso ba, a tatsa a ba su yadda ma'aikata suka nuna. Idan nonon bai ishi biyu ba har wata mata ta taimaka, ya halatta, sai dai a rubuta sunanta a ajiye. A mazhabarmu duk nonon da ya kai ciki yana haramta aure, komai ƙanƙantarsa, ko ta cokali ko ta robar hanci aka ba da shi.

Akwai hanyar ɗumama bakwaini da aka fara a asibitin Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978 saboda ƙarancin kwalabar jarirai: a kwantar da shi a ƙirji, fata da fata, a ɗaure da zane, a sa masa hula. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022 ta ba da shawarar a fara ta nan take bayan haihuwa. Ba ta buƙatar wutar lantarki, don haka ta dace da ƙauyukanmu, balle da hunturu. Uwa ɗaya ba za ta riƙe biyu dare da rana ba. Kai uba ka karɓi ɗaya ka sa a ƙirjinka. Ba abin kunya ba ne, Annabi (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama.

Wani abu da nake jin ana raɗe-raɗinsa, shi ne zargin mace idan ta haihu wata bakwai bayan ɗaurin aure. Ka ji tsoron Allah. Suratul Ahƙafi aya ta 15 ta haɗa ciki da yaye wata talatin, Suratul Baƙara aya ta 233 ta sa cikakkiyar shayarwa shekara biyu. Idan ka cire 24 daga 30 saura shida. Da wannan Sayyidina Ali ya kafa hujja a gaban Sayyidina Usman, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa. Ɗan da aka haifa wata shida ko fiye bayan aure da yiwuwar saduwa, na mijin ne. Haka nan dangana zuwansu da wuri ga maita ko kishiya zato ne mara tushe. Sababan da aka sani sun haɗa da cikin tagwaye kansa, zazzaɓin cizon sauro, hawan jini da ƙarancin jini. Mu nan muna da ƙari: ƙurar dalma daga dutsen zinariya, wadda ta kashe yara wajen 400 a 2010 a garuruwa irin su Bagega da Dareta a ƙasar Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum, tana cutar da mai ciki da abin da ke cikinta. Kada a niƙa dutsen nan a gidan da za a kawo jariran.

Idan Allah Ya karɓi ɗayansu, sai a duba. Wanda ya yi kuka bayan fitowa, ko rayuwarsa ta tabbata kamar wanda ya kwana yana numfashi, ana yi masa wanka da likkafani da salla, yana gado kuma ana gadonsa, a sa masa suna. In ya rasu kafin ranar bakwai babu yanka a kansa a mashhurin mazhaba, yankan ɗan'uwansa mai rai yana nan. Wanda ya fito babu alamar rai, a wanke masa jini, a naɗe shi a ƙyalle a binne, ba a yi masa salla a wurin Malikawa. Hanbalawa suna ganin a sallaci duk wanda ya cika wata huɗu a ciki, don haka idan ka ga wani ya yi hakan kada ka yi masa inkari.

Wallahu a'alam.