Mashigar Kogin Kuros: Ilimin Kimiyya da Haɗin Gwiwa Wajen Kula da Ita

Gabatarwa

Mashigar kogi ita ce inda ruwan kogi mai daɗi yake haɗuwa da ruwan teku mai gishiri. Mashigar Kogin Kuros, wadda take kudu maso gabashin Nijeriya, tana daga cikin manyan irin waɗannan wurare a gaɓar Tekun Gini. Kogin ya taso ne daga ƙasar Kamaru, kuma kafin ya faɗa Tekun Atilantika, kogunan Kalaba da Kwa Babba da Akpa Yafe suna zuba ruwansu a cikin mashigar. Birnin Kalaba na Jihar Kuros Riba yana gabas, garin Oron na Jihar Akwa Ibom yana yamma, tsibirin Bakassi kuwa yana kudu maso gabas.

Yanayin ruwa da halittu

Sau biyu a kowace rana teku yana cika ya turo ruwan gishiri cikin mashigar, sa'annan ya janye. Da damina, ruwan koguna yakan yi rinjaye, gishiri ya ragu. Da rani kuwa gishirin yakan hauro can ciki, kifin bonga ya biyo shi, kakar masunta ta kama.

Gaɓar mashigar cike take da dajin mangurof, wato itatuwan da suke tsirowa cikin taɓo mai gishiri. Saiwoyinsu suna riƙe ƙasa, suna karya ƙarfin igiyar ruwa, kuma a tsakaninsu ne 'ya'yan kifi da jatan lande da ƙaguwa suke fakewa har su girma. Ana kuma samun ayu a waɗannan ruwaye. Bandar kifi da busasshen jatan lande da ake samu a nan suna kaiwa kasuwannin Nijeriya da dama, har da na Arewa.

Matsaloli

Babbar matsala ita ce saran mangurof. Da itacensa ake banda kifi, don haka sana'ar da take dogara da dajin ita ce kuma take cinye shi. Idan daji ya ƙare, mafakar 'ya'yan kifi ta ƙare, kamu ya ragu.

Matsala ta biyu ita ce wata bishiya dangin kwakwa da ake kira nipa, wadda aka kawo Kalaba daga Singafo a shekarar 1906. 'Ya'yanta suna bin ruwa, kuma duk inda aka sare mangurof sai ta mamaye wurin ta hana shi sake tsirowa. Akwai kuma sharar birane, da malalar mai, da amfani da raga mai ƙananan idanu wadda take kwashe kifin da bai kai ba.

Aikin masana

Cibiyar Nazarin Teku ta Jami'ar Kalaba ta daɗe tana bincike a mashigar. Masana suna auna yawan gishiri da iskar da ke cikin ruwa, suna lissafa yawan kifin da ake saukewa da girmansa, suna kuma gwada hotunan tauraron ɗan'adam na shekaru daban-daban don gane inda daji ya ragu. Da wannan ne ake sanin lokacin hayayyafa, da girman idon ragar da ya dace, da wuraren da suka fi bukatar dashe.

Haɗin gwiwa

Babu wata hukuma guda da take da iko a kan mashigar baki ɗaya. Jihohi biyu ne suke gaɓarta, haka kuma ƙasashe biyu, musamman tun bayan hukuncin Kotun Duniya na 2002 da miƙa Bakassi ga Kamaru a 2008. Kifi kuwa bai san iyaka ba.

Dokar kamun kifi a teku ta 1992 ta hana manyan jiragen jan raga yin aiki cikin mil 5 na ruwa daga gaɓa, domin kare ƙananan masunta. A 2010 Kamaru ta sanya mashigar Rio del Rey, maƙwabciyar ta Kuros, cikin jerin dausayoyi na Yarjejeniyar Ramsar. A 2011 aka amince da shirin Majalisar Ɗinkin Duniya na rage saran daji a Nijeriya, aka zaɓi Kuros Riba a matsayin jihar gwaji, kuma yankin mangurof yana cikin wuraren da aka fara da su. A 2019 ƙasashen Yarjejeniyar Abijan ta 1981 suka amince da wata ƙa'ida ta kula da mangurof wadda aka sa wa sunan Kalaba.

Amma doka ba ta aiki sai da mutanen gaɓa. Sarakuna da ƙungiyoyin masunta da mata masu banda su ne suke ganin abin da ke faruwa kullum. Shi ya sa ake sa su cikin dashen mangurof, da keɓe wuraren da ba a sara, da amfani da murhun banda mai cin itace kaɗan. Inda masana suka kawo awo, hukuma ta tsaya a kan doka, al'umma kuma ta sa ido, a nan ne dajin yake samun damar farfaɗowa.