Ƙa'idojin Renon Yara Ƙanana a Cibiyoyin da Suka Haɗa Al'adu Mabambanta: Nazari a kan Manhajar Te Whāriki ta Ƙasar Niyuzilan

Wannan maƙala ta duba ƙa'idojin da ake gina cibiyar renon yara ƙanana a kansu idan yaran sun fito daga gidaje masu harsuna da al'adu mabambanta, ta kuma ɗauki ƙasar Niyuzilan a matsayin abin nazari, domin a can ne aka fitar da manhajar Te Whāriki a shekarar 1996, wadda ta shafi yara tun daga haihuwa har zuwa shigarsu firamare, aka kuma sabunta ta a 2017. Hujjar maƙalar ita ce, cibiya ba ta zama ta kowa da kowa don kawai ta manna hotunan al'adu a bango ko ta ware ranar sanya tufafin gargajiya, sai fa idan iyalan yaran suna da ta cewa a kan abin da ake koyarwa da harshen da ake koyar da shi.

Ba za a fahimci manhajar ba sai an waiwayi tarihin Maori, wato 'yan asalin ƙasar. Yarjejeniyar Waitangi da sarakunansu suka ƙulla da masarautar Ingila a 1840 ta yi musu alkawarin kare abubuwan da suke ɗauka da daraja, amma dokar makarantun 'yan ƙasa ta 1867 ta fifita Ingilishi, har ya zamana ana dukan yara saboda sun yi magana da harshen iyayensu, lamarin da ya sa harshen ya dushe ƙwarai. Martanin dattawan Maori shi ne kafa Kōhanga Reo, wato sheƙar harshe, wurin da kakanni da iyaye suke renon ƙananan yara da harshen Maori zalla, an kuma buɗe ta farko a Wainuiomata a 1982, shekara biyar kafin dokar 1987 ta mayar da Maori harshen hukuma.

Daga wannan tushe ne Helen May da Margaret Carr, tare da Tilly Reedy da Tamati Reedy waɗanda suka wakilci Kōhanga Reo, suka tsara manhajar, kuma abin lura shi ne ba a rubuta ɓangaren Maori a matsayin fassarar na Ingilishi ba, kowanne yana tsaye da ƙafarsa. Whāriki tabarma ce da ake saƙawa, ma'ana kowace cibiya za ta saƙa tata manhajar da zaren da aka ba ta. Ƙa'idojin manhajar huɗu ne: whakamana, wato ƙarfafa mutuncin yaro da ikonsa na koyo, kotahitanga, wato kallon jikinsa da hankalinsa da ruhinsa a matsayin abu guda, whānau tangata, wato shigar da dangi da al'umma, sai ngā hononga, wato koyo ta hanyar kyakkyawar hulɗa da mutane da wurare da abubuwa.

Ƙa'ida ta uku ce ta fi nauyi, kuma ita ce ta fi wuyar aiwatarwa, domin whānau ya wuce uwa da uba, ya haɗa kakanni da 'yan uwa na kusa da na nesa, kuma malamar da ta karɓi wannan ƙa'ida dole ta yarda cewa kakar da ba ta da takardar shaidar koyarwa ta san abin da ita ba ta sani ba game da yaron. Hanyar tantancewar da Carr ta ɓullo da ita, wadda ake kira labaran koyo, ta dace da wannan, saboda maimakon a auna yaro da maki, malama tana rubuta labarin abin da ta ga ya yi, iyaye su karanta su ƙara nasu bayanin, ta haka ɗan baƙin da suka zo daga Samowa ko Sin ko Indiya ba zai zama mai gazawa ba don kawai bai iya Ingilishi ba tukuna.

Sai dai kyawun rubutun manhajar bai kare cibiyoyin Maori daga matsin hukuma ba. Tun a 1990, kafin fitowar manhajar, aka mayar da kula da Kōhanga Reo ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi, aka ɗora musu dokokin lasisi da na kuɗi waɗanda aka tsara domin cibiyoyin da ba irinsu ba, yawan yaransu kuma ya ragu bayan ya kai ƙololuwa a farkon shekarun 1990. A 2012 Kotun Waitangi, wadda take sauraron ƙorafin Maori a kan saɓa yarjejeniyar, ta samu gwamnati da gazawa wajen ba su tallafin da ya dace da aikinsu na raya harshe. Wannan ya nuna cewa ƙa'idar da ba ta taɓa kasafin kuɗi da horar da malamai da sharuɗɗan lasisi ba, iyalan da aka rubuta ta dominsu ne suke ɗaukar nauyin aiwatar da ita su kaɗai, kuma hakan rashin adalci ne.