Kyanwa da Rumbu: Tarihin Baƙuwar da Ta Kawo Kanta

A cikin dabbobin da ɗan Adam ke zaune da su, kyanwa ce kaɗai ban taɓa jin wanda ya ce ya kai ta kiwo ba. Saniya an ɗaure ta a turke, jaki an ɗora masa mangala, doki an sa masa linzami, kare an koya masa farauta da gadi. Ita kuwa wannan da wasu ke kira mage, wasu kuliya, wasu mussa, takan shigo gida sa'ad da ta ga dama, ta fita sa'ad da ta so. Wannan hali nata ne ya sa na bi diddigin tarihinta. Abin da na fahimta shi ne, kyanwa kusan ba ta sauya ba tun farkon zamanta da mutane. Mutane ne ke ta sauya mata fuska: yau su bauta mata, gobe su jefe ta.

Asalinta kyanwar daji ce, wadda masana ke kira Felis lybica. Har gobe tana nan a dazuzzukan Afirka, har da namu na Sahel, da kuma Gabas ta Tsakiya. Launinta na ƙasa ne, da ratsi-ratsi a ƙafafu da wutsiya, kuma in ka hango ta daga nesa za ka rantse ta gida ce. A shekarar 2007 Carlos Driscoll da abokan aikinsa suka gwada ƙwayoyin gadon kyanwoyi 979, na gida da na daji, suka gano cewa na gida duka daga wannan tsatso suka fito.

To, me ya haɗa dabbar daji mai son kaɗaici da mutum? Rumbu ne. Kimanin shekaru 10,000 da suka wuce, mutanen Gabas ta Tsakiya sun fara noman alkama da sha'ir suna adanawa. Inda aka tara hatsi ɓera zai zo, inda ɓera ya taru kuwa kyanwa za ta biyo shi. Wadda ta fi juriyar ganin mutum ita ta fi ƙoshi, ita ta fi haihuwa, ƴaƴanta suka gaji halinta. Manomi ya ga hatsinsa ya tsira, sai ya ƙyale ta. Duk wanda ya taɓa buɗe rumbun gero a bazara ya tarar da ɓarnar ɓeraye, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Tsohuwar shaidar wannan zumunci daga tsibirin Kubrus ta fito. A shekarar 2004 masu haƙar kayan tarihi ƙarƙashin jagorancin Jean-Denis Vigne na Faransa suka bayyana wani kabari mai shekaru kimanin 9,500 a wurin da ake kira Shillourokambos. A ciki mutum ne, kuma tazarar santimita 40 daga gare shi ga ƙasusuwan kyanwa ƴar wata takwas. Tsibirin ba shi da kyanwa ta asali. Ke nan wani ne ya ɗauko ta, ko kakanninta, a jirgin ruwa ya tsallako teku da ita.

Jikinta kansa yana ba da labarin aikin da ya kawo ta. A bayan idonta akwai wani shimfiɗi mai maido haske kamar madubi, shi ne ke ƙyalli da dare, kuma shi ya sa kashi ɗaya cikin shida na hasken da mutum ke buƙata ya ishe ta gani. Kunnenta na kama sauti mai kaifin da ya ninka iyakar jin mutum kusan sau uku, wato irin tsiwar da ɓeraye ke yi wa juna. Faratanta a ɓoye suke cikin dagi sai in za ta kai cafka, don haka ba sa dakushewa kuma ba a jin takunta. Takan yi barcin sa'o'i 12 zuwa 16 a yini tana tara ƙarfi, shi ya sa Bahaushe ya ce mata mai kwanciyar ɗaukar rai. Nama ne abincinta na dole, harshenta ma ba ya jin zaƙi. Ƙodarta na tsimin ruwa sosai, gadon kakanninta na ƙasashe masu fari. Cikinta kwana 63 ne zuwa 65, kuma ƴaƴan goyo ɗaya na iya zama na muzurai daban-daban. Ɗan da bai saba da hannun mutum tsakanin mako biyu da mako bakwai na rayuwarsa ba, da wuya ya yarda da mutum daga baya. Wannan ya nuna mini cewa tsakanin kyanwar gida da ta daji ƴan makonni ne kawai.

A Masar ta Fir'auna ne darajarta ta kai ƙololuwa. Sun kira ta miu, daga kukanta. A zanen kabarin Nebamun, na wajajen shekarar 1350 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), ana ganin kyanwa tana kama tsuntsaye a fadama tare da maigidanta. Sun siffanta abar bautarsu Bastet da kan kyanwa, suka gina mata babban ɗakin bauta a birnin Bubastis, kusa da Zagazig ta yau. Herodotus, marubucin tarihi na Girka, ya ruwaito cewa in kyanwa ta mutu a gida mutanen gidan kan aske girarsu don makoki. Diodorus kuma ya ce wani Barume ya kashe kyanwa bisa kuskure, jama'a suka far masa, ko manzannin sarki ba su iya ceton ransa ba.

Sai dai, mai karatu, kada ka yi saurin cewa kyanwa ta ji daɗi a can. Da aka ɗauki hoton cikin gawarwakin kyanwoyin da Misirawa suka naɗe, an tarar da yawa ƙanana ne, kuma karya musu wuya aka yi. Kiwonsu ake yi a ɗakunan bauta, a kashe, a naɗe, a sayar wa masu ziyara su miƙa hadaya. A shekarar 1888 wani manomi a Beni Hasan ya faɗa kan ramin da ke cike da irin waɗannan gawarwaki. An loda kimanin tan 19 nasu a jirgi zuwa Liverpool ta Ingila, aka yi gwanjonsu a 1890 don a yi takin gona.

Daga gaɓar Bahar Rum jiragen fatake suka yaɗa ta, don ɓera na cin guzuri yana gwiguyar igiyoyi. A Turai ta zamanin tsakiya wasu sun ci moriyarta, wasu kuma suka haɗa ta da maita. Wasiƙar Fafaroma Gregory na 9 ta shekarar 1233 ta ambaci baƙar kyanwa cikin tsafin da ake zargin wasu ƴan bidi'a na Jamus da yi. A garin Ypres na Beljiyam an yi al'adar jefo kyanwoyi da ransu daga hasumiya, ba a daina ba sai a 1817.

A ƙasashen Musulmi an tsaya a tsakiya. Hadisi ya nuna cewa kyanwa ba najasa ba ce, kuma ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Sahabin da ya fi kowa ruwayar hadisi da laƙabin ƴar kyanwa aka san shi, Abu Huraira. Sarki Baibars, wanda ya mulki Masar daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin lambu a Alƙahira don ciyar da kyanwoyin da ba su da mai su.

Ba zan wanke ta tas ba. Kaifin da ke tsare rumbu shi ke cinye ƴan tsaki, kuma ba banza aka jera muzuru da shaho cikin abokan gaban zakara ba. A tsibiran da tsuntsaye ba su san maharbi irinta ba, ɓarnarta ta yi muni: wani ɗan tsuntsu da ba ya tashi a tsibirin Stephens na Niyu Zilan ya ƙare ƙaf wajajen 1895, jim kaɗan bayan an kai kyanwoyi wurin. Amma ko a nan, ai ba ita ta tuƙa jirgin ba.

Abin da ke damuna shi ne, a garuruwanmu har yanzu akwai masu ganin baƙar kyanwa su ce mayya ce ko aljana, yara su bi ta da jifa manya na kallo. Ƙyallin idonta madubin gani ne, kukan tsakar dare kuma neman barbara ne ko faɗan muzurai kan iyaka. Wanda ya ajiye ta, ya ba ta ruwa da ɗan nama ko kifi, ya rage mata madara don cikin babbar kyanwa ba ya narkar da ita sosai, kuma kada ya kuskura ya ba ta farasitamol, guba ne gare ta. Yarjejeniyar tun farko mai sauƙi ce: ita ta tsare hatsi, mu mu bar ta ta rayu. Shekara dubu goma ke nan tana cika nata ɓangaren.